Ciwon kwatangwalo: a ci gaba da magani, a huda ƙashi, ko a sauya gaɓar gaba ɗaya?

Kafin mutum ya kai ga tambayar "a yi aikin ko a bari", yawanci ya shekara biyu ko uku yana fama. Ya sha ƙwaya har ya gaji, an yi masa gashi, wataƙila ma ya biya ta wurin mai ɗori. Yanzu likitan ƙashi ya ɗaga hoto ya ce gaɓar ta lalace. Abin da ke rikita mutane a nan shi ne hanyoyin sun kai biyar ko shida, kuma wadda ta yi wa maƙwabci daidai tana iya zama asarar kuɗi ga wani.

Gaɓar kwatangwalo ƙwallo ce a cikin ƙoƙo. Kan ƙashin cinya shi ne ƙwallon, kwarmin da ke jikin ƙashin ƙugu shi ne ƙoƙon, guringuntsi mai santsi ya lulluɓe su duka biyun. Idan gaɓar ce ke ciwo, an fi jin zafin a matsematsi, ya gangaro ta gaban cinya, wani lokaci har gwiwa. Sa safa da yanke farcen ƙafa su gagara, ƙafar ta fara gajarta, ɗingishi ya shigo. Ciwon da ya taso daga ɗuwawu ya bi bayan ƙafa har tafi, tare da jin kamar ana tsira allura, galibi daga ƙashin baya yake, kuma sauya kwatangwalo ba ya taɓa shi. A tantance wannan tukuna.

Abubuwan da za a auna kowace hanya da su

Na farko, kuma shi ke gaba da sauran, halin da kan ƙashin yake ciki. Har yanzu dunƙulalle ne, ko ya riga ya burma? Guringuntsin ya rage, ko ƙashi na gugar ƙashi? A ƙasar Hausa dalilan lalacewar sun ɗan bambanta da na Turai, inda amosanin tsufa ya fi yawa. A nan akwai matasa masu sikila da jini ya daina isa kan ƙashinsu har ya mutu, akwai waɗanda suka daɗe suna shan sitiroyid irin su dexamethasone, ciki har da ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha ka fashe, akwai tarin fuka da ya kama gaɓa, da ciwon da ya yi mugunya tun ƙuruciya, da karaya ko gocewa daga hatsarin mota da aka ɗora a gida aka bari.

Na biyu shekaru da ƙarfin ƙashi. Na uku ɗorewa: shekara nawa abin zai yi kafin a sake buɗewa. Na huɗu haɗari. Na biyar jinya da irin rayuwar da za a koma: masai na tsuguno ne a gidan ko na zama, noma ake yi ko aikin ofis, akwai mai kula da majinyaci sati shida ko babu. Na shida kuɗi, kuma ana nufin jimillarsu, tun daga gwaje-gwaje har gashin ƙashi na bayan sallama. Kayan da ake dasawa daga waje ake shigo da su da dala, saboda haka farashi a naira yana tafiya da canji. Shi ya sa za a kwatanta hanyoyin da junansu a nan maimakon a kafa adadin da zai tsufa kafin wata uku.

Magani, gashin ƙashi da sanda

Wannan ce mafi arha a kowane wata, kuma ita ce ya kamata kowa ya fara gwadawa da gaske na aƙalla wata uku. Farasitamol ga babba ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. Ibuprofen da diclofenac sun fi shi kashe irin wannan ciwon, amma shan su kullum na watanni yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana tayar da hawan jini. Mai sikila ya ƙara kiyayewa, domin ƙodarsa da ma tana cikin wahala. Tramadol ba maganin ciwon shekaru ba ne. Jiki na sabawa da shi, ciwon na nan, an ƙara wata matsalar.

Sanda ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren ciwon ba. Mutane da yawa suna yin akasin haka su ce sanda ba ta amfana musu komai. Rage ƙiba ma yana da lissafi: a kowane taku, nauyin da ke sauka a kan kwatangwalo ya kai kusan ninki uku na nauyin jiki, don haka wanda ya rage kilo 5 ya sauke wa gaɓar kusan kilo 15 a duk taku. Masu gashin ƙashi kuma suna ƙarfafa tsokar gefen ɗuwawu, wadda ita ke hana mutum karkata idan yana tafiya.

Allurar sitiroyid a cikin gaɓa tana ba da sauƙi na makonni zuwa 'yan watanni. Sharaɗi ɗaya: idan ana shirin aiki, kada a yi ta cikin wata uku kafin ranar, domin tana ƙara yiwuwar ƙwayoyin cuta su kama sabuwar gaɓar.

Iyakar wannan hanya a fili take. Ba ta mayar da guringuntsi, ba ta tayar da ƙashin da ya burma. Kuma jinkiri mai tsawo yana da nasa farashin: tsoka ta rame, ƙafa ta ƙara gajarta, gaɓar ta sandare, kwarmin ya cinye, sai aikin da zai zama mai sauƙi ya koma mai wuya da tsada.

Huda kan ƙashi

Wannan ƙaramin aiki ne na waɗanda kan ƙashinsu ya fara mutuwa amma bai burma ba. Ana huda rami ɗaya mai faɗin milimita 8 zuwa 10, ko ƙananan ramuka da yawa, daga gefen cinya zuwa wurin da ya mutu, don a rage matsi a buɗe wa sabon jini hanya. Wasu likitocin suna ƙara ɓargon da aka zuƙo daga ƙashin ƙugun majinyacin. Kuɗinsa bai kai na sauya gaɓa ba ko kusa, ana sallama cikin kwana ɗaya ko biyu, sai a yi kusan sati shida da sanduna.

Matsalar ita ce lokaci. A matakin da wannan aiki ke amfani, hoton ƙashi na yau da kullum yana iya fitowa lafiya lau, sai hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ke nuna ɓarnar, kuma akasarin majinyata sukan iso bayan an wuce wurin. Da zarar kan ya burma, huda shi zubar da kuɗi ne. Ga masu sikila ma sakamakon bai da tabbas: wani ƙaramin gwaji da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna gashin ƙashi shi kaɗai ya yi kusan daidai da hudawa haɗe da gashi. Abin da ya fi amfani a wannan mataki shi ne a duba ɗaya kwatangwalon, domin mutuwar kan ƙashi takan kama duka biyun.

Sauya rabi

A nan ƙwallon kawai ake cirewa a sa na ƙarfe, a bar ƙoƙon mutum na asali. An yi shi ne domin tsoho ko tsohuwa da suka faɗi wuyan ƙashin cinya ya karye, kwarminsu kuma lafiyayye ne. Aikin gajere ne, jinin da ake zubarwa kaɗan ne, ba ya yawan gocewa, kuɗinsa bai kai na cikakke ba. Gaggawa ce ke da muhimmanci a irin wannan karayar, domin kwanciyar makonni ita ke jawo wa tsoho ciwon huhu, gyambon kwanciya da daskarewar jini. Ƙa'ida ita ce a yi aikin cikin kwana ɗaya ko biyu idan hali ya yi. Ɗorin gida ba ya haɗa wannan karayar idan ta goce, saboda jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta jikin wuyan suke bi.

Ga mai amosanin gaɓa ko matashi mai sikila kuwa, sauya rabi arha ce mai tsada. Ƙwallon ƙarfe zai riƙa gugar kwarmin da ya riga ya lalace, ciwon matsematsi ya dawo cikin 'yan shekaru, a sake aiki. Idan an ba ka wannan zaɓin don kawai ya fi sauƙin kuɗi, ka tambayi halin da kwarmin yake ciki a hoton.

Sauya gaɓar gaba ɗaya

Wannan shi ne aikin da ake nufi idan an ce an sauya wa mutum kwatangwalo. Salonsa na yau ya samo asali ne daga likita John Charnley a asibitin Wrightington da ke Ingila a farkon shekarun 1960. Galibi ana yin allurar baya ta kashe rabin jiki. A yanka, a fitar da ƙwallon daga kwarmi, a datse wuyan ƙashin, a kankare kwarmin a dasa sabon ƙoƙo, a fafe cikin ƙashin cinya a sa sandar ƙarfe, a ɗora sabon ƙwallo a kanta. Kafin a kafa na dindindin ana gwada na gwaji, a auna tsawon ƙafa, a juya ta ko'ina a ga ko za ta goce. Awa ɗaya zuwa biyu ne. Washegari ake tayar da mutum ya taka da abin dogarawa, a sallame shi cikin kwana uku zuwa bakwai.

Ciwon da aka shekara ana fama da shi yakan tafi tun makonnin farko. Game da ɗorewa, wani babban nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2019 ya tattara bayanan rajistar da wasu ƙasashe ke yi ta waɗanda aka sauya wa gaɓa, ya samu kusan kashi 89 cikin 100 na gaɓoɓin suna nan bayan shekara 15, kashi 70 bayan shekara 20, kashi 58 bayan shekara 25. Ma'anar wannan ga ɗan shekara 70 ita ce da wuya ya sake komawa ɗakin tiyata. Ga 'yar shekara 25 kuwa, ta sa a ranta cewa akwai aiki na biyu a gaba, wataƙila da na uku, kuma kowanne ya fi na baya wuya da tsada saboda ƙashin da za a kafa abu a kai yana raguwa.

A cikin wannan aikin akwai zaɓi uku da ke sauya farashi da ɗorewa.

Siminti ko babu siminti. Simintin ƙashi wani irin ƙullu ne da ke daskarewa cikin minti goma zuwa goma sha biyar, ya riƙe ƙarfen nan take, kuma sau da yawa ana haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya fi dacewa da wanda ya haura 70 ko mai ƙashi mara ƙwari, kuma ya fi arha. Haɗarinsa a lokacin zubawa ne: ƙarfin bugun jinin majinyaci na iya faɗuwa farat ɗaya, musamman tsoho mai ciwon zuciya, don haka sai da ƙwararren likitan sa barci. Mara siminti na titaniyam ne mai kaushin jiki, ana buga shi ya matse, sai ƙashi ya tsiro ya kama shi cikin sati shida zuwa goma sha biyu. Shi aka fi yi wa matasa masu ƙashi mai ƙwari. Ya fi tsada, kuma ƙashin cinya na iya tsagewa wurin bugawa. Akwai na tsakiya, sanda da siminti, ƙoƙo babu.

Abin da ke gugar wani. Ƙwallon ƙarfe a cikin ƙoƙon roba shi ne tsohon hannu kuma mafi arha. Abin da ke kashe shi shi ne robar tana cinyewa a hankali, ɓurɓushinta ya tayar da kumburin da ke narkar da ƙashin da ke kewaye, ƙarfen ya saki. Sabuwar robar da aka ƙarfafa, wadda ta shigo a ƙarshen shekarun 1990, ta rage wannan cinyewar ƙwarai. Ƙwallon tangaran a cikin wannan sabuwar robar shi ne, a ganina, ya fi daidaita tsakanin kuɗi da ɗorewa ga wanda bai kai 60 ba. Tangaran a kan tangaran shi ne mafi ƙarancin cinyewa kuma mafi tsada, amma wani lokaci yana ƙara kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba, kuma nadiran yakan fashe. Ƙarfe a kan ƙarfe an kusa daina shi, saboda ɓurɓushin kobalt da kuromiyam yana lalata nama. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa mai suna ASR daga kasuwa. Idan an kawo maka shi da sunan rangwame, ka ƙi.

Girman ƙwallo. Akwai milimita 28, 32 da 36. Babba ya fi wuyar gocewa, shi ya sa 32 da 36 suka fi yawa yanzu. Akwai kuma wani ƙoƙo mai motsi biyu da aka ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1970, inda ƙaramin ƙwallo ke juyawa cikin babban ƙwallon roba, shi kuma yana juyawa cikin ƙoƙon ƙarfe. Yana rage gocewa sosai, ana zaɓar sa ga tsofaffi, masu raunin tsoka, da waɗanda aka taɓa yi wa aikin haɗe ƙashin baya. Da ƙarin kuɗi.

Ana yawan gardama kan ta ina za a yanka, ta baya, ta gefe ko ta gaba. Kowacce da aibinta: ta baya ta ɗan fi gocewa, ta gefe takan bar ɗingishi na wani lokaci, ta gaba takan bar rashin ji a fatar gefen cinya. Bayan shekara ɗaya bambancin ba shi da yawa. Hanyar da hannun likitan ya saba da ita ita ce mafi alheri.

Haɗarin da ya fi kowanne muni shi ne ƙwayoyin cuta su kama ƙarfen. A cibiyoyin da suka ƙware abin yana kusan ɗaya cikin ɗari, amma idan ya faru ƙwaya da allura kaɗai ba sa isa, domin ƙwayoyin cutar suna yin yana a jikin ƙarfe wadda magani ba ya ratsawa. Sau da yawa sai an cire komai, a sa na wucin gadi mai magani, a yi kusan sati shida ana shan magani, sannan a sake dasawa. Kuɗin ya ninka na farko. Rigakafinsa tun kafin aiki yake farawa: a daidaita sukari, a bar taba aƙalla sati huɗu zuwa shida, a yi maganin ruɓaɓɓen haƙori, ciwon fitsari da duk wani gyambo a ƙafa, sannan a yi allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya kafin yanka. Gocewa tana samun ɗaya zuwa uku cikin ɗari, akasari a wata ukun farko. Daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wadda gudanta kan iya tafiya huhu, ana tare ta da maganin tsinka jini na sati huɗu zuwa biyar da tashi tafiya da wuri. Bambancin tsawon ƙafa da bai wuce santimita ɗaya ba abu ne da ake gani, ana gyara shi da ɗan ƙari a takalmi.

Sai rayuwar gida, wadda ba a cika tattaunawa a kanta ba sai an dawo. A sati shida zuwa goma sha biyu na farko, musamman idan ta baya aka yanka, ba a lanƙwasa cinya har gwiwa ta wuce tsayin ƙugu, ba a harɗe ƙafa, ba a juya ƙafar ciki. Wannan ya fitar da masai na tsuguno, zama a tabarma, kujera 'yar tsuguno, katifar ƙasa da hawa babur. Tun kafin a tafi asibiti a tanadi kujerar bayan gida mai tsayi, gado mai tsayi, da matashin da za a sa tsakanin ƙafafu wurin barci. Salla a kan kujera mai tsayi za a yi, da nuni a ruku'u da sujada. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba da wannan sauƙin ga wanda tsayuwa ta gagara. Da yawa suna komawa sujada bayan wata uku zuwa shida da izinin likitansu, amma zaman tahiya a kan ƙafa da dogon tsuguno suna buƙatar a tambaya musamman, domin amsar ta dogara da girman ƙwallo da yadda aka kafa ƙoƙon. Tuƙi da kwanciyar aure galibi bayan sati shida. Mace mai sabuwar gaɓa tana ɗaukar ciki, kuma da yawa suna haihuwa da kansu.

Mai sikila yana da nasa lissafin daban. Ramin ƙashin cinyarsa yakan ƙuntace ya yi tauri saboda toshewar jini ta shekaru, har fafe shi ya zama wurin da ake iya huda ƙashin ko tsaga shi. Ƙwayoyin cuta sun fi kama shi, kuma aikin kansa na iya tayar da ciwon ƙirji mai haɗari. Saboda haka ana ƙara masa jini kafin aiki har ma'aunin jininsa ya kai kusan giram 10, a ba shi isasshen ruwa da iskar shaƙa, a hana shi jin sanyi a ɗakin tiyata. Likitoci da yawa sun fi son mara siminti a gare shi. Asibitin da ba shi da likitan jini da ma'ajiyar jini mai inganci bai dace da wannan majinyacin ba, komai ƙwarewar mai yankan.

Hanyoyi biyu na ƙarshe

Cire kan ƙashi a bar wurin haka, aikin da ake kira da sunan likita Girdlestone na Oxford, tun asali don tarin fukan kwatangwalo aka yi shi. Babu abin dasawa, don haka shi ne mafi arha a cikin manyan ayyukan. Ciwo yana raguwa, mugunya tana ƙarewa, mutum yana iya zama a ƙasa. Amma ƙafar tana gajarta da santimita da yawa, sanda ta zama abokiyar tafiya har abada. Ana iya dasa gaɓa daga baya idan wurin ya tsarkaka. Haɗe gaɓar ta sandare kuwa yana ba da ƙafa mai ƙarfi mara ciwo, sai dai zama yana wuya, kuma bayan shekaru baya da gwiwa su ke biyan bashin. An rage yin sa sosai.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Jinya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Magani, gashi, sanda | Kaɗan, amma kullum | Sauƙi na ɗan lokaci | Babu kwanciya | Gyambon ciki, ƙoda, ƙarin lalacewa |
| Huda kan ƙashi | Matsakaici | Sai kafin kan ya burma | Sanduna kusan sati 6 | Ya burma duk da haka |
| Sauya rabi | Sama da matsakaici | Ya ishi tsoho mara yawan zirga-zirga | Tafiya washegari | Cinyewar kwarmi |
| Cikakke da siminti | Mai yawa | Shekara 15 zuwa 25 ga mafi yawa | Sati 6 zuwa 12 | Faɗuwar jini wurin zuba siminti, cuta, gocewa |
| Cikakke babu siminti | Mafi yawa | Kusan haka, gwargwadon roba ko tangaran | Sati 6 zuwa 12 | Tsagewar ƙashi, cuta, gocewa |
| Cire kan ƙashi | Kaɗan cikin ayyuka | Dindindin | Watanni | Gajartar ƙafa, sanda |

A gida ko a waje

Ana yin aikin a Najeriya: Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Enugu, asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu. Wasu kuma suna tafiya Indiya ko Masar. Mai tafiya waje ya ƙara kuɗin jirgi na mutum biyu, masauki na makonni, da haɗarin daskarewar jini idan aka hau doguwar tafiya da wuri. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne wa zai duba shi idan ciwon ya fara ruwa bayan wata biyu da dawowa. A nemi likitan gida da zai karɓi bibiya tun kafin a sayi tikiti.

Ko ina ne, tambayoyin ɗaya ne. Irin wannan aikin nawa likitan ke yi a shekara? Idan an samu matsala, ana aikin gyara a nan? Wane kamfani ne ya ƙera kayan, wane samfuri, ƙwallo milimita nawa? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da jini, magunguna, kwanakin gado da gashi, ko na kayan dasawa ne kawai? Bayan aiki a karɓi takardar da aka manna lambobin kayan a jikinta a adana ta kamar takardar fili, domin likitan da zai yi gyara bayan shekara 15 da ita zai san abin da ke cikin jikin. Tangaran mafi tsada a ɗakin tiyata mara tsafta bai kai ƙarfe da roba a hannun ƙwararre ba, don haka idan kuɗin ba su isa duka biyun ba, a sa su a kan asibitin da kuma likitan.

Wa ya dace da wace

Wanda ciwonsa ke zuwa yana tafiya, yana barci, yana zuwa masallaci da kasuwa, hoton kuma ya nuna sauran guringuntsi, ya tsaya a kan gashi, sanda da rage ƙiba, a sake hoto bayan shekara. Matashi mai sikila ko wanda ya sha sitiroyid, da ciwon matsematsi amma hoton ƙashi bai nuna komai ba, ya nemi MRI yanzu. Nan ne kaɗai hudawa ke da ma'ana. Idan kan ya riga ya burma kuma ciwo ya hana makaranta ko sana'a, ƙarancin shekaru ba dalilin jira ba ne: cikakken aiki mara siminti, tangaran a kan sabuwar roba, a asibitin da ke da likitan jini.

Ɗan shekara 50 zuwa 65 mai amosani, wanda ciwo ke tayarwa da dare kuma wata uku na magani da gashi ba su yi ba, cikakken aiki ne nasa, siminti ko babu gwargwadon ƙashinsa. Wanda ya haura 70, siminti da ƙarfe a kan roba sun ishe shi, ƙarin kuɗin tangaran ba zai ci moriyarsa ba. Tsohuwar da ta faɗi a banɗaki ta kasa tashi, asibiti a ranar, sauya rabi da siminti. Idan kuwa da ma mai ƙarfi ce tana fita da ƙafarta ba da sanda ba, a tattauna cikakke. Wanda gaɓarsa ke fitar da mugunya ko tarin fuka bai warke ba, ba a dasa masa ƙarfe sai an kashe cutar, kuma a wasu lokuta cire kan ƙashin ne matakin farko. Mai sukarin da ya ƙi daidaita, ko gyambon ƙafa da bai rufe ba, ya ɗage ranar aikin har sai an gyara su.